Ƙidayar namun dawa a ƙauyukan Adar: idanu suna nan, littafi ne babu

Duk dattijon da ya haura shekara sittin a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Nijar, zai iya lissafa maka dabbobin da ya taso ya tarar a dajin garinsu waɗanda yau babu su, ko kuma sai an yi sa'a ake ganinsu: barewa, tuje, gauraka a bakin tabki, kurar da ke kuka a bayan gari, da jimina ga wanda ya yi kiwo can arewa. Abin da ba zai iya faɗa maka ba shi ne shekarar da kowace ta fara raguwa, da yawan da take raguwa a kowace damina, da wadda ta riga wata tafiya. Zai ce maka abin ya faru ne bayan farin 1973 ko bayan na 1984, kuma gaskiyarsa ce, amma tsakanin waɗannan shekaru da yau akwai damina arba'in zuwa hamsin da suka wuce ba tare da wani ya rubuta abin da ya gani ba.

Labarin ungulu ya isa misali. Wani masanin tsuntsaye ɗan ƙasar Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya bi wasu hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidaya tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe, sannan ya sake bin hanyoyin nan bayan kimanin shekara talatin. Ya tarar cewa a wajen gandayen dajin da hukuma ke karewa, manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Wannan bincike yana cikin hujjojin da duniya ta dogara da su wajen fahimtar halin da ungulayen Afirka suka shiga, har a 2015 aka sanya ungulun nan ta mahauta, wadda a da ba wanda ke ɗaga kai ya kalle ta, cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. To, amma mahautan Tawa da na Badagishiri da na Ƙonni sun ga wannan raguwa da idonsu, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa. Da a ce akwai wanda ke rubuta yawan ungulayen da ke sauka a mayanka sau ɗaya a wata, da an san shekarar da abin ya karye, da kuma an fi samun damar rarrabe laifin gubar da ake sa wa mushe don dila da karnuka, da laifin masu farautar ungulu don kai sassanta kasuwar magani, da laifin sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai.

Hukuma tana da wuraren da take sa wa ido, kuma ba a raina ƙoƙarin ba. Akwai gandun dajin W a kudu maso yamma, da na Ayar da Tenere, da na Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, da na Gadabeji da ke nan tun 1955. A jihar Tawa kuma tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2005, kuma a watan Janairu ne ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka faro tun 1967. Sai dai ƙidayar yini ɗaya a shekara, idan ma an samu kuɗin mai da mota an yi ta, ba ta nuna abin da ke faruwa a watan Afrilu lokacin da ruwa ya janye, garake suka taru, masu lambu suka matso har bakin laka. Mafi yawan halittun da suka rage a ƙasar nan kuma ba a cikin gandun daji suke ba. Suna cikin gonakin gero, da fadamu, da kan tsaunukan Adar, da cikin gari kansa: zomo, kurege, bushiya, damo, guza, yanyawa, zabin daji, fakara, hasbiya, da jemagun da ke rataye a itatuwan bedi. Ma'aikacin gandun daji guda da ke kula da ƙauyuka masu yawa ba zai iya ƙidaya waɗannan ba ko da ya so.

Adar ta fi kowane yanki cancantar a tambayi ko namun dawa suna ƙaruwa ko suna raguwa, domin a nan ne aka zuba aikin farfaɗo da ƙasa fiye da kusan ko'ina. An fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya tun 1975, aikin Keita ya fara a 1984 da gine-ginen tare ruwa da dashen itatuwa, manoman Illela da Badagishiri suka mayar da fako gona ta hanyar tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa da taki, sannan sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a cikin gona, ya bazu daga Maraɗi zuwa wurare da dama. An ƙidaya itatuwa, an auna eka, an ɗauki hotuna daga sama. Amma tambayar ko zabin daji da zomo sun dawo tare da itatuwan, ko kuwa an samu inuwa ne kawai babu mai shiga cikinta, ba ta da amsa a rubuce a mafi yawan ƙauyukan da aka yi aikin. Manomi zai ce maka ya fi ganin zomo yanzu fiye da da, wani a ƙauyen gaba ya ce sam, kuma babu abin da za a raba gardamar da shi.

A nan ne ake buƙatar bambanta ganin dabba da ƙidayar dabba. Mutum ya ce ya ga tuje a hanyar kasuwa labari ne mai daɗi, amma ba ya nuna ko tuje na ƙaruwa ko na raguwa. Ƙidaya tana zama hujja ne idan an riƙe hanya ɗaya, da lokaci ɗaya, da tsawon zama ɗaya, aka kuma maimaita har shekaru. Wanda ya fita da hantsi a wannan wata ya yi awa guda, a wata mai zuwa kuma ya fita da la'asar ya yi awa uku, ya yi daidai da mai awon hatsi da ke sauya tiya kowace ranar kasuwa: lissafinsa na jiya ba ya haɗuwa da na yau. Saboda haka abin da ake nema daga ƙauye ba shi da yawa, amma yana son naci. A zaɓi turba ɗaya, misali daga rijiyar gari zuwa bakin fadama, a bi ta ranar farko ta kowane wata bayan sallar asuba, mutum biyu, ba kare, ba gudu. A rubuta rana, da lokacin fita da na dawowa, da sunan wanda ya fita, da yanayin gari, ko akwai hazo ko iska, sannan a rubuta abin da aka gani da abin da aka ga sawunsa ko kashinsa ko raminsa.

Abu mafi wahalar shiga kan mutane, har da masu ilimin boko, shi ne rubuta cewa ba a ga kome ba. Mai ƙidaya yana jin kunyar dawowa da shafi fari, yana ganin kamar bai yi aiki ba, sai ya bar ranar babu rubutu ko ya ƙara abin da ya gani shekaranjiya. Alhali wannan "ban gani ba" ita ce rabin ilimin. Ƙasar nan ta taɓa koyon wannan darasi a wani fage. Lokacin yaƙi da kurkunu, masu sa kai na ƙauyuka suna da littafin da suke cikawa kowane wata, kuma ana son rahotonsu ko da babu wanda ya kamu, domin sifilin da aka rubuta wata bayan wata shi ne shaidar cewa cutar ta tafi. Da irin wannan shaida ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Haka nan ma'aunin ruwan sama da ake kafawa a ƙauyuka, wanda manomi ko malamin makaranta ke karantawa bayan kowane ruwa. Mutanen karkara sun riƙe irin waɗannan littattafai da kyau a duk inda suka fahimci amfaninsu, don haka maganar cewa ba za su iya ba ba ta da tushe.

Idan ana neman inda za a fara, shamuwa ta fi kowa sauƙi. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, tana sheƙa a tsakiyar gari a kan gawo ko tsamiya ko bedi, babu mai taɓa ta, kuma ba wanda zai rikita ta da wani tsuntsu. Bayan ta fitar da ƴaƴanta sai ta yi kudu, ta ƙetare har kudancin Afirka. Ɗalibai biyu da malaminsu za su iya rubuta ranar da aka ga ta fari, su zagaya gari su ƙirga itatuwan da aka yi sheƙa a kansu, su tsaya ƙarƙashin kowace bishiya su ƙirga sheƙunan da ke da tsuntsu a kwance, sannan su dawo bayan makonni su ƙirga ƴaƴan da ke tsaye a bakin sheƙa suna gwada fiffike. Kashin da ya yi fari a ƙasa ma yana nuna wace sheƙa ce ke da rai, wace ce ta bara. Aikin bai wuce na yamma biyu ko uku a shekara ba. Idan ƙauyuka ashirin suka yi haka shekara goma, za a iya gwada ranar isowar shamuwa da ranar shukar fari, a ga ko alamar da kakanni suka dogara da ita tana nan daram, a kuma ga ko yawan ƴaƴanta yana bin yawan fara, tunda fara ce babban abincinta, ko yana faɗuwa a shekarun da aka yi feshi mai yawa.

Irin wannan ƙidaya ta talakawa ta taɓa tona asirin Sahel daga nesa. A bazarar 1969 masu sa kai da ke ƙirga tsuntsaye a gonakin Ingila kowace shekara sun lura cewa wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin rani a yankinmu, ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel ne ya hallaka su. Wato a littafin wasu mutane can wata nahiya aka fara ganin sawun farin da ya zo ya ci dabbobinmu, mu kuwa da abin ke faruwa a ƙofar gidanmu ba mu da shafi ko ɗaya.

Misalin da aka fi kawowa a ƙasar nan shi ne na raƙuman dawa na Koure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 suka rage a duk Afirka ta Yamma, yau kuma sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. An san waɗannan alƙaluma ne saboda kowane raƙumin dawa yana da zanen jikin da babu mai irinsa, ana ɗaukar hotonsa dama da hagu a ajiye, kuma ƴan jagora na yankin, waɗanda suka san dabbobin ɗaya bayan ɗaya, suna cikin masu aikin. Nasara ce ta gaske, amma kada a ɗauka za a kwafe ta a kai Buza ko Bagarawa yadda take. Raƙumin dawa yana jawo baƙi da kuɗi, zomo da kurege ba sa jawowa. Kuma harin watan Agusta na 2020, wanda aka kashe mutum takwas a wurin, ya nuna yadda aikin da ya dogara da baƙi ke iya tsayawa cikin yini ɗaya. Ƙauyen da ba shi da abin nuna wa ɗan yawon buɗe ido dole ya sami wani dalili na kansa.

Wannan dalili, a ganina, yana cikin ɓarna. Manomi bai damu da yawan nau'in tsuntsayen Nijar ba, ko da yake sun haura 500. Ya damu da inda jan baki ke kwana kafin ya sauka a kan dawarsa, da lokacin da fara ke ƙyanƙyashewa, da awakin da dila ya kama a bana, da yadda garmani ke cinye makiyaya yana korar ciyawar kirki, da dalilin da tarwada da karfasa suka ragu a tabki. Littafin da aka ce ya rubuta gauraka da dinya kaɗai, amma babu gurbin akuyar da aka kashe masa, littafin wani ne aka ba shi riƙo. A Namibiya, inda al'ummomin karkara ke riƙe da irin wannan littafi tun wajen shekarar 2000, mutanen wurin ne ke zaɓar abin da za a bi, suna rubuta ɓarnar giwa da zaki tare da dabbobin da suka gani, suna tattara lissafin wata da na shekara da hannunsu a kan takarda, kuma asalin littafin ba ya barin garin, kwafi ake ɗauka. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ayyukan raya karkara a nan suka fi takawa: a zo da takardun tambayoyi, a cika, a tafi da su Yamai, ƙauye bai sake jin labari ba.

Sai kuma maganar tsoro, wadda ba a cika faɗinta a taro ba. Dokar farauta da kare namun dawa ta 1998 tana nan, tara tana nan, kuma a ƙauyuka da yawa abin da ke haɗa talaka da ma'aikacin gandun daji shi ne kamu. Wanda ya fi kowa sanin daji shi ne maharbi, shi ne zai dubi sawu ya gaya maka na yanyawa ne ko na dila, na daren jiya ne ko na shekaranjiya, kuma shi ne ya fi kowa dalilin yin shiru. Idan littafin ƙidaya ya taɓa zama shaidar da aka ci wani tara da ita, to ya mutu a wannan gari, kuma labarin zai riga shi isa garuruwan maƙwabta. Dole a yi yarjejeniya a gaban mai gari tun farko cewa littafin na dabbobi ne, ba a rubuta sunan wanda ya yi farauta a ciki. Sarautun gargajiya irin su sarkin baka da sarkin dawa da sarkin ruwa, a inda suka rage, sun fi kowa dacewa da wannan amana, domin tun asali aikinsu ne sanin lokacin da ake buɗe daji da lokacin da ake barinsa ya huta. Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren: bayanin inda ungulu ko tuje ke sheƙa, idan ya fita fili da cikakken kwatance, jagora ne ga mai neman su ya sayar. Irin wannan bayani a littafin gari ya kamata ya tsaya.

Wa zai riƙe alƙalami? Adar ƙasar ƴan cin rani ce. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan ko Najeriya ko Libiya, kuma lokacin da suka tafi shi ne lokacin da tsuntsayen ruwa ke cika tabkuna. Aikin da aka ɗora a kan samari kaɗai zai riƙa yankewa wata shida a kowace shekara. Waɗanda ke nan rani da damina su ne mata masu zuwa itace da ɗiban ganye, waɗanda suka san inda anza da jiga da aduwa suka ƙaru ko suka ƙare, da yara masu kiwo, da tsofaffi. Makiyaya Fulani da Buzaye kuma suna ratsa wuraren da manomi ba ya takawa. Rashin karatun boko ba hujja ba ce: ana iya rubutawa da ajami, ana iya yin shafi mai hoton kowace dabba a ja layi a gabanta. Abin da ke buƙatar zama na musamman shi ne sunaye, domin suna ɗaya kamar kurciya ko ungulu yana rufe nau'i da yawa, kuma a wuri irin Tabalak tsuntsu guda yana da suna a bakin Bahaushe da wani a bakin Buzu da wani a bakin Bafulatani. Zama ɗaya da littafin hotuna a gaban dattawa, a daidaita wane suna ne na wane, yana hana kuskuren shekaru.

Wayar hannu tana da amfani, musamman wajen ɗaukar hoton abin da ba a gane ba a tura wa masani ta WhatsApp, kuma manhajoji irin su eBird da iNaturalist suna kai bayani rumbunan duniya. A Najeriya matasa, har da Hausawa da yawa, suna aikin taswirar tsuntsayen ƙasar da wayoyinsu ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Amma waya tana lalacewa, tana ɓacewa, tana tafiya cin rani da mai ita, kuma bayanin da ya hau intanet ba ya dawowa ƙauye da harshen da ake ji. Waya ta zama mataimakiya, takarda ta zama uwa.

Batun biya shi ne inda ra'ayoyi suka fi rabuwa. Masu cewa a biya suna da hujja, domin safiyar da mutum ya ba ƙidaya safiya ce da ya cire daga neman abinci. Sai dai an sha ganin yadda aikin da aka fara da kuɗin zama ke tsayawa ranar da kuɗin suka tsaya, ga kuma jarrabar cika shafi don a faranta wa mai biya. Ƙidayar shekara uku da ta mutu tare da aikin da ya kawo ta ba ta kai darajar ƙaramar ƙidaya ta shekara ashirin ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a rage aikin har ya zama wanda gari zai iya ɗauka ko babu baƙo, turba ɗaya da tabki ɗaya da dabbobi goma ko goma sha biyu, sannan ɗan abin da za a kashe, littafi da alƙalami da ladan mai riƙo, ya fito daga kasafin ƙaramar hukuma. Wurin ajiya ma yana nan: tsarin dokokin karkara na 1993 ya samar da kwamitocin kula da filaye, waɗanda a yau suke har matakin ƙauye, kuma su ne ke shiga maganar burtali da makiyaya da bakin tabki. Kwamitin da ke da lissafin shekara biyar a hannu, wanda ke nuna cewa dinya da kirinjijiya sun daina sauka tun da aka nome gefen gabas na tabki, ko cewa kamun awaki da dila ke yi ya ƙaru tun da aka sare kurmin da zomaye ke ciki, yana da abin da zai aza a gaban shugaban ƙaramar hukuma idan ana rabon fili. Jami'ar Tawa da ta Abdou Moumouni a Yamai kuma suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. Ɗalibi guda zai iya zagaya ƙauyuka goma bayan girbi, ya ɗauki hoton shafukan, ya haɗa lissafin, bisa sharaɗin cewa kafin ya miƙa kundinsa ga malamansa sai ya koma kowane gari ya karanta sakamakon da Hausa a ƙofar mai gari.